Faifai Na Uku

Ranar da labarin ya same ni, hannuwana biyu suna cikin kwaɓin kifi. Inda nake aiki a nan Uwajima ƙananan kifaye muke niƙawa da ƙayarsu, mu mulmula, mu soya, kuma dokar uwar ɗakinmu ce ba a taɓa waya sai an tashi cin abinci. Wayar ta yi ta ɓari a aljihun rigar aikina har matar da ke gefena ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Chizuru, ɗauki mana. Ko wani ne ya kasa haƙuri?"

Na wanke hannu ɗaya na ɗauka. Muryar namiji ce, ɗan sanda daga Osaka. Ya tambaye ni ko ni ce ƙanwar Hyodo Tatsuhiko. Ya ce yayana ya yanke jiki ya faɗi a wani shagon tsoffin kayan lantarki, yana rungume da kwali, kafin motar asibiti ta iso zuciyarsa ta tsaya. Na ce masa to, na gode. Na mayar da wayar aljihu na ci gaba da mulmula kifi. Sai da uwar ɗakina ta kama kafaɗuna ta juyo da ni sannan na gane cewa bakina yana motsi, ina ta cewa "Yaya Tatsu" ba tare da na sani ba.

Masu karatu, ni karatuna bai yi nisa ba, daga ƙaramar sakandare na tsaya, don haka yadda abin ya zo mini a ka haka zan ba ku shi.

Yaya Tatsu ya girme ni da shekara goma sha biyu. Ina 'yar shekara shida Babanmu ya fita kamun kifi, teku ba ta dawo da shi ba, daga jirgin har mutumin. Tun daga nan Yaya ne ya zama uba. Shi ke ɗaure mini gashi da safe, a karkace kullum, shi ke zuwa makaranta ranar iyaye. Bai yi aure ba. Da rana yana tuƙa motar raba tukwanen gas, da ya dawo ya yi wanka sai ya haye ɗakinsa na sama, wurin Kyuhachi.

Kyuhachi ita ce tsohuwar kwamfutar nan mai launin madarar da ta kwana, wadda gidaje da ofisoshi suka yi yayinta muna yara. Kowa ya jefar da tasa, Yaya ya riƙe tasa, ya ƙara da ta wasu. Bangon ɗakinsa kanta ne daga ƙasa har rufi, cike da kwalayen wasanni, kowane kwali da faya-fayansa a ciki, baƙaƙen nan masu laushi da faɗinsu ya kai tafin hannun babban mutum. Shi da abokansa na waya aikinsu ke nan: su nemo tsohon wasa, su kwafe abin da ke cikin faifan kafin ya ruɓe, su adana, don a riƙa kunna shi a kwamfutar yanzu da wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar. Mama ba ta taɓa son abin ba. Idan baƙi suka zo takan ce, "Yana sama yana aiki," da muryar da ake rufa asirin mashayi.

Ranar addu'ar arba'in da tara, ranar da za a kai tulun ƙasusuwansa kabarin gidanmu, don mu nan ƙone gawa ake yi, dangi suka taru tun da safe. A ranar ne ake rabon abin tunawa, kowane na kusa ya tafi da wani abu na mamacin. Ni ina kicin ina fama da shayi da kwanukan abincin baƙi. Na ji Mama a sama tana jan durowa tana mita.

"Mutum ya shekara arba'in da biyar ba agogon kirki, ba alƙalami. Me zan ba mutane? Safa?"

Da ta sauko ta miƙa mini wani ɗan ƙunshi mai faɗi a naɗe cikin farar takarda. Na karɓa da hannu biyu, na kai durowar kayana na tura ƙarƙashin riguna. Ban buɗe ba. A lokacin ko takalminsa da ke bakin ƙofa ba na iya kallo. A maƙabarta ma ban ga komai ba, ina riƙe wa Mama lema, idona na kan duwatsun ƙasa har aka gama.

Bayan nan da 'yan makonni, wata Lahadi da hantsi, aka danna ƙararrawar gida. Wani dogon mutum ne siriri cikin baƙar kwat da hannunta bai kai wuyan hannunsa ba, da jaka a bayansa, da kwalin alewar Osaka a hannu. Ya sunkuya har jakar ta zamo ta buge masa ƙeya.

"Sunana Kuroiwa. Ni abokin Hyodo-san ne. Ban ji labari da wuri ba. Ko za a bar ni in kunna masa turare?"

Mama ta kai shi gaban kabad ɗin ibada, inda hoton Yaya yake kusa da na Baba. Ya durƙusa ya daɗe. Da ya zo tashi ƙafafunsa sun mutu, ya tafi luu ya dafe bango. Mama ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ma irinsu ne? Masu tara kwalaye?"

"Irinsu ne, Mama. Nawa ma sun fi nasa yawa."

"Kana da mata?"

"Babu."

"Ai na sani," in ji Mama, ta tashi ta zubo masa shayi.

Kuroiwa-san, don mu nan "san" muke ƙara wa suna saboda girmamawa, gyaran na'urar hawa bene yake yi a Osaka. Shekaru suna hulɗa da Yaya ta waya, haɗuwarsu ido da ido ba ta da yawa. Ya roƙi ya ga ɗakin, na kai shi. Ya tsaya a tsakiya yana bin kantocin da kallo, hannuwansa a bayansa kamar wanda ya shiga haikali. Can ya ga kwalin da 'yan sanda suka aiko mana, yana nan a rufe a gefen tebur.

"Wannan ne ya je saye?"

"Shi ne. Ban san ko mene ne ba."

"Injin karanta faifai ne. Ya ce mini nasa ya fara karce faya-fayai, ba zai sa naki a ciki ba sai ya sami mai lafiya."

"Nawa?"

"Wasanki mana. Jirgin Chizu. Ya ce wasannin mutane ɗaruruwa ya kwafe, nasa na kansa bai taɓa kwafewa ba, wai shirmen ƙuruciya ne. Sai bana ya ce ya kamata ya yi kafin damina."

Na nemi wuri a kan tabarma na zauna.

Jama'a, na manta da wasan nan kamar yadda mutum ke manta da haƙoransa na yarinta. Bayan rasuwar Baba na daina magana, na daina cin abinci sai an ɗura mini. Yaya ya kwashe wata da watanni a gaban Kyuhachi, ya haɗa mini wasa da hannunsa, zanen nasa, kiɗan nasa. Wata yarinya ce mai jan takalmin roba, tana tuƙa ɗan jirgin ruwa daga tsibiri zuwa tsibiri da ƙunshin abincin rana, tana neman babanta ta kai masa. Nakan zauna a cinyarsa in danna. Faifai huɗu ne, idan ka gama ɗaya sai wasan ya nemi na gaba. Ban taɓa kai ƙarshe ba. Akwai wani wuri a cikin na uku da ruwa ke juyawa, kullum nan jirgina ke kifewa, in yi kuka, Yaya ya ce, "Gobe, Chizu. Gobe za ki wuce." Daga baya na koma makaranta, na yi ƙawaye, na bar hawa sama.

Kuroiwa-san ya ce a durowar tebur Yaya ya ce yana ajiye su. Muka jawo. Babu komai sai gurbinsu a cikin ƙura. Sai na tuna da ƙunshin da Mama ta ba ni. Na sauka da gudu na ciro ƙunshina na warware farar takardar. Faifai ne, da rubutun Yaya na samartaka a jiki, da zanen jirgi da ni na yi da jan fensir. Lamba biyu.

"Mama! Sauran fa?"

"Sauran me? Na raba. Su kaɗai ne ke da rubutun hannunsa, sauran duk bugun kamfani ne. Huɗu ne, mu ma huɗu ne. Ni, ke, Kawunki Masaharu, da Gwaggonki Tokiko. Sai ka ce ya san za a raba."

Kuroiwa-san yana tsaye a kan matakala. Ya dubi faifan da ke hannuna. Sannan a hankali, yana sunkuyar da kai, ya ce, "Mama, abin kamar a raba wa mutum huɗu rigar kimono ɗaya ne. Wannan hannu, wancan wuya."

Mama ta ɗaure fuska. "Ni ina na sani? Ya taɓa gaya mini?"

Nata, lamba ɗaya, yana cikin kabad ɗin ibada, jingine tsakanin kaskon turare da kofin ruwan da take canzawa kowace safiya. Da ƙyar ta yarda a ɗauka, da sharaɗin ba zai bar gidan ba kuma zai koma wurinsa kafin turaren yamma. Kuroiwa-san ya wanke hannu, ya kai faifan bakin taga. Akwai wata 'yar tsaga a jikin rigar faifan inda ake hango na cikin. Ya sa yatsu biyu a ramin tsakiya yana juya shi kaɗan-kaɗan, yana leƙe a hasken rana.

"Zo ki gani. Kin ga farin nan kamar an yayyafa gari? Funfuna ce. Ta fara."

"Ya lalace ke nan?"

"Tukuna. Amma idan aka sa shi haka a inji, za ta kankare saman faifan ta tafi da abin da ke ciki. Sai an goge."

Ya fito da auduga mai tsinke da wata 'yar kwalba daga jakarsa. Ya goge ɗan wuri, ya juya, ya goge, ya juya. Ni ina riƙe masa fitila, ina kallon yadda yake taune leɓensa na ƙasa. Da ya gama sai ya ce:

"Wani faifan sau ɗaya yake yarda a karanta shi, daga nan ya mutu. Don haka ba a wasa da shi. Kwafewa ake fara yi."

Ya haɗa sabon injin da ƙaramar kwamfutar Yaya ta zamani. Injin ya yi ta ƙara, gaƙ-gaƙ-gaƙ, irin ƙarar da nake ji ta bango ina yarinya. Na ɗaya ya kwafu. Nawa ma ya kwafu. Kawu Masaharu da na kira shi a Matsuyama dariya ya yi.

"'Yata, ni dama na rasa me ake yi da shi. Na juya shi gaba na juya shi baya. Gobe zan sa miki a gidan waya."

Kafin Kuroiwa-san ya tafi kama jirgin ƙasa ya koya mini yadda zan kwafe na Kawu idan ya iso, sannan ya buɗe manhajar kwaikwayon ya ɗora mata kwafin na ɗaya. Allon ya yi baƙi. Sai kiɗan ya taso, siriri, kamar ana busa sarewar ƙarfe. Sai ga teku shuɗiya mai ɗigo-ɗigo, ga yarinyar da jan takalminta, gashinta a ɗaure a karkace.

Ban san lokacin da ya fita daga ɗakin ya ja mini ƙofa ba.

Na gama na ɗaya a ranar. Washegari na gama na biyu. Jirgina ya bar tsibirin masu lemo, kiɗan ya tsaya, wasu fararen haruffa suka fito a tsakiyar allo: Saka faifai na uku, ka danna kowane maɓalli.

Na Kawu da ya iso lamba huɗu ne, na kwafe shi, na ukun ke nan yana wurin Gwaggo. Gwaggo Tokiko yayar Babanmu ce. Ta yi shekaru tana gyaran gashi, da ta rufe shago sai ta koma haɗa aure, kuma ta fi ƙwarewa a na biyun. Na same ta tana shayar da tukwanen furenta, gashin nan nata an rina shi ya yi ruwan makuba. Na gaishe ta, na ajiye mata soyayyen kifin da na kawo, na faɗi abin da ke tafe da ni. Aro kawai, na ce, yini ɗaya.

Ta ci gaba da zuba ruwa har tukunyar ta tumbatsa.

"Abin rabon mamaci ba a ba mutum a dawo a karɓa. A ina kika taɓa ji?"

"Gwaggo, ba karɓewa zan yi ba."

"Shekararki nawa yanzu? Talatin da uku. Yayanki ya ƙare rayuwarsa a ɗakin sama, yanzu ke ma kin haye. An ce har wani dogo mai jaka ya fara zuwa."

"Abokin Yaya ne."

"Duk haka suke cewa. Saurara. Akwai yaron gidan Nomoto, masu sassaƙa dutsen kabari. Gentaro. Ya gan ki, ya yi magana da babarsa, babarsa ta yi magana da ni. Ki zo ku zauna ku ci abinci kamar mutane. In an yi wannan, sai mu yi maganar faifanki."

Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Na ɗauka jan aji ne irin nata.

Da na dawo gida na tarar da saƙon Kuroiwa-san. Tun da ya koma kullum sai ya rubuto, kuma kullum da maganar faifai yake farawa.

"An ce damina ta kusa sauka wurinku. Ki roƙi Gwaggo kada ta ajiye shi a kabad ɗin barguna."

"Ta ce sai na je zaman ganin miji tukuna."

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Na ajiye wayar na wanke shinkafa na dawo.

"To. Allah ya sa abincin ya yi daɗi."

Ƙasa da shi kuma wani: "Wane irin mutum ne?"

Na rubuta, "Ban sani ba. Dutse yake sassaƙawa." Ya aiko da hoton wata mage ta faɗi a ƙasa. Na yi dariya ni kaɗai a kicin, dariyata ta farko tun rasuwar, sai kuma na ji kunyar hoton Yaya da ke kallona daga ɗaki.

Ranar zaman Mama ta fito da kimononta mai ruwan ganyen shayi, wanda ta sa ranar da aka kai ta ganin Baba. Ta ɗaure mini ɗamarar har numfashina ya koma rabi.

"Mama, zan mutu."

"Ba mai mutuwa. Miƙe bayanki. Kuma kada ki yi maganar wasa a gaban mutane."

A ɗakin cin abincin wani otal ne kusa da tashar jiragen ruwa. Nomoto-san ya zo da babarsa. Ƙaƙƙarfan mutum ne gajere, wuyansa ya fi ƙarfin kwalar rigarsa, hannuwansa duk faso. Da ya ɗauki kofin shayi sai kofin ya ɓace a tafinsa. Gwaggo ta yi ta zuba: Chizuru ta iya girki, Chizuru ba ta yawo, Chizuru ko mura ba ta yi. Shi kuwa gumi kawai yake sharewa. Sai babarsa ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, har tebur ɗin ya motsa.

"Mun taɓa haɗuwa," ya ce da sauri. "Ba ki gan ni ba. Ni na ɗaga dutsen ranar da aka sa yayanki. Kina riƙe da lema, duk kin karkata ta kan Mama, ke ruwa na dukanki."

Na sunkuyar da kai.

Ganin ya fara, sai ya ƙara ƙarfin hali, ya juya wurin Gwaggo don ya yaba mata.

"Na ce wa babata gidan nan akwai ƙauna. Mun sa mutane da yawa, amma ban cika ganin gwaggo ta durƙusa da kanta a cikin taɓo ba. Har da ɗan ƙunshin nan na farar takarda da kika sa masa a gefen tulun. Na gyara masa zama kafin in rufe, don kada ya faɗi."

Tsinken cin abincin Mama ya tsaya a iska.

Na ce, "Gwaggo?"

Fuskarta ta yi ja har kunne. Na zaci za ta musa. Sai ta ajiye kofinta da ƙarfi.

"E, na sa! Na sa masa! Yaron da tun yana rarrafe ba ya barci sai da abin wasa a hannu. In bar shi ya kwanta hannu wofi a tsakanin tsofaffi? Ni me zan yi da shi a durowa? Wa ya gaya mini guntun abu ne?" Muryarta ta karye. "Da kika zo kina tambaya, da wane baki zan faɗa miki?"

Ta ciro hankici ta toshe fuska, hodar ta bi hawayen. Nomoto-san ya dubi wannan ya dubi waccan, kamar wanda ya saki dutse a ƙafar wani.

Manya sukan ce wa yara su ɗan zaga su san juna, amma ranar korar mu aka yi. Muka bi bakin ruwa, ni da ƙananan taku saboda kimono, shi yana ta ba ni haƙuri. Na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurara bai katse ni ba, bai kuma yi dariya ba.

"Cikin kabarin, yaya yake?" na tambaye shi.

"Gaskiya kike so? Ƙasan ramin ƙasa ce tsura, ba siminti. Idan damina ta yi nisa bangon yakan yi gumi. Tulu ba ruwansa. Takarda kuwa..." Ya girgiza kai.

"Ana iya buɗewa?"

"Ɗagawa ba wuya, ni da ƙanena da sandar ƙarfe ne. Amma sai malamin haikali ya yi karatu kafin a taɓa dutsen, ya sake yi bayan an rufe. Shi kuma ba zai zo ba sai mai gida ta ce a zo. Mamanki ke nan." Ya tsaya ya sassauta ɗaurin wuyansa. "Idan ta yarda, ki kira ni ko da ana ruwa. Kuma ba sai kin ce kina sona ba. Wannan daban, wancan daban."

Na dube shi da kyau a karo na farko. Idanunsa ƙanana ne, masu sanyi.

A cikin motar haya na rubuta wa Kuroiwa-san. Wannan karon bai yi jinkiri ba.

"A takarda, a cikin danshi, ba zai kai ƙarshen damina ba. Ranar da ya fito zan ɗauki hutu in zo, kada ki sa shi a inji kafin in iso."

Sai kuma: "Akwai wata hanya. Kwafin na huɗu yana hannunki. Zan iya gyara wasan ya tsallake na uku ya kai ki ƙarshe kai tsaye. Aikin yamma ɗaya ne."

Na daɗe ina kallon saƙon. Ƙarshen yana nan a ɗakin sama, ko yarinyar ta sami babanta ko ba ta same shi ba. Amma Yaya bai taɓa karɓar maɓallan daga hannuna ya wuce mini ruwan nan ba, duk kukan da nake yi. Na rubuta, "A'a. Na gode." Ya amsa, "Na yi zaton haka za ki ce. Kin ci abincin kuwa?"

Damina ta sauka a makon. Muka koma shanya a cikin ɗaki, gidan duk warin jiƙaƙƙen kaya. Wata rana da la'asar muna ninke tawul na yi wa Mama maganar. Na shirya kalmomina tun a wurin aiki, amma ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"A'a."

"Mama, ɗagawa kawai za a yi a rufe. Malam zai yi karatu."

"Na ce a'a." Ta shimfiɗa tawul a cinyarta tana lallashinsa da tafin hannu. "Sunan babanku ne kawai a jikin dutsen nan, shi ba ya ciki. Shekara nawa ina zuba ruwa a kan wurin da babu kowa nawa. Yanzu ina da mutum ɗaya da na san inda yake kwance. Ba za a buɗe masa ƙofa ruwa na zuba ba saboda wasa. Ranar da za ku kai ni, ku ɗauki abinku."

Na ɗauki wani tawul na ci gaba da ninkewa. Ban sake tayar da maganar ba. Ɗanta ne kafin ya zama yayana.

Nomoto-san ya aiko mana da kwalin lemon zaƙi, bai tambayi komai ba. Gwaggo tana kira tana son amsa, na ce a ba ni lokaci. Kuroiwa-san kullum sai ya turo mini hasashen yanayin garinmu, kamar ni ba na ganin ruwan ta taga.

Ni dai ga abin da na koma yi. Kowace safiya kafin in tafi aiki ina hawa ɗakin sama in kunna wasan daga tsibirin masu lemo. In loda ƙunshin abincin a jirgi, in kwance igiya, in tuƙa har bakin inda kiɗan ke yankewa. Ban rage sautin ba, ban kuma ƙara ba. 'Yan kwanakin nan na lura Mama ta daina kiran sunana daga ƙasa idan shayi ya yi, da kanta take hawo mini da shi. Takan tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu har kiɗan ya ƙare, sannan ta ajiye ta sauka. Jiya ba ta sauka ba. Ta matso ta bayana, tana kallon fararen haruffan.

"Wannan yarinyar, wa ya ɗaure mata gashi haka?"

Na ce, "Shi ne."

Ta ajiye farantin a kan tebur. Ruwa yana dukan rufi. Har ta kai matakala sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Sandar ƙarfen nan ta yaron Nomoto, tana karce dutse?"

Na ce ban sani ba. Ta ce to, ta sauka. Ba ta ƙara cewa komai ba, da daddare ma ba ta ce ba, yau da safe ma haka. Lambar Nomoto-san tana cikin wayata, ban kira ba, don ba a ce in kira ba.

Yau ma na hau. Jirgin ya bar tsibirin, kiɗan ya yanke, allon ya ce in saka faifai na uku in danna kowane maɓalli. Na danna ɗaya, kamar kullum. Rubutun ya ɗan ƙifta ya dawo. Na shanye shayina, na ɗauki lemata, na tafi niƙan kifi.